A Folan, Kyamara Kan Jira Talaka Ya Gama Maganarsa

Ƙarshen watan Mayu na sauka a Warso, ban ko kwana ba na kama jirgin ƙasa na yi kudu zuwa Krakow, tafiyar kusan awa biyu da rabi. Ƙanena ne, ɗan baffana da ke karatun injiniya a can, ya daɗe yana yi mini naci. "Yaya, kai da kullum kana yawo da rikoda kana jin ta bakin mutane, ka zo ka ga masu irin sana'arka amma da kyamara." Abin da yake kira na in gani shi ne bikin fina-finai na Krakow, wanda aka fara tun 1961, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a Turai a ɓangaren gajerun fina-finai da dokumantari, wato fim ɗin da babu ɗan wasa a ciki. Wanda ka gani a allo shi ne da kansa, ɗakin nan nasa ne, bashin da ake magana a kai ma shi ake bi.

Masaukinmu a Nowa Huta yake, unguwar da gwamnatin gurguzu ta fara ginawa a 1949 domin ma'aikatan wata katafariyar masana'antar ƙarfe da a da ke ɗauke da sunan Lenin. Tituna masu faɗi, benaye masu kama ɗaya, itatuwa ko'ina. Ƙanena yana hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa da ta ƙare ƙuruciyarta tana aiki a ɗakin cin abincin masana'antar. Pani muke ce mata, yadda ake kiran kowace babbar mace a can. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura na dare, kafin biyar na asuba kuma gari ya waye tangaran, don haka barcin da ke tsakanin Isha da Asuba bai taka kara ya karya ba.

Da hantsi sai mu hau taram, jirgin lantarkin da ke bin tsakiyar titi, mu nufi tsohon gari. Dandalin kasuwar Krakow fili ne murabba'i, kowane gefe wajen mita 200. Duk awa wani ma'aikacin kashe gobara kan leƙo ta tagar hasumiyar cocin Maryama ya busa begila sau huɗu, kowace busa tana fuskantar nahiya guda, kuma takan yanke a tsakiya ba ta kai ƙarshe ba. A wata kusurwar dandalin akwai tsohon gidan masu sarauta da ake kira Pod Baranami. In ka hau matakala za ka tarar da silima mai ƙananan zauruka uku, ja da shuɗi da fari. Manyan taruka kuwa a silimar Kijów ake yin su, ginin 1967 mai cin ɗaruruwan mutane. Tsakanin fim da fim mukan shiga gidan abinci mai araha mu ci pierogi, ɗan curin fulawa mai cikin dankali da cuku, muna jaddada wa mai zubawa kada ta barbaɗa mana soyayyen kitsen da suke sakawa a kai, domin na alade ne.

Ƙarfe sha ɗaya na safe, ranar aiki, amma zaure ya cika: ɗalibai da jakunkunan goyo, tsofaffi da sandunansu a jingine. Ana kashe fitila ba ka ƙara jin motsin kowa. Wani gajeren fim da muka gani kan wata mata ne da ke jinyar mijinta, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ba kiɗa, ba mai sharhi. An daɗe kyamara tana kan hannunta tana yi masa aski, tana jan fatar kumatunsa da yatsa biyu, tana ɗauraye reza a cikin kofin shayi. Da aka kunna fitila darakta ya fito gaba, wani saurayi siriri, ya nuna layi na uku. Sai ga matar ta miƙe, rungume da jakarta a ƙirji. Aka yi ta tafa mata. Wani ya tambaye ta yadda ta jure baƙo da kyamara har ɗakin kwananta, ƙanena ya raɗa mini amsarta: wai yaron nan ya yi wata da watanni yana zuwa hannu rabbana, yana taya ta ɗaga maigidan a canja masa shimfiɗa, kafin ya taɓa shigo mata da kyamara.

Pani ce ta fahimtar da ni dalilin da tsofaffi ke cika waɗannan zauruka. A zamaninsu ba a shiga silima a faɗa wa babban fim kai tsaye. Sai an fara nuna labaran mako na gwamnati, Kronika, wanda aka yi ta fitarwa daga 1944 har 1994, sau da yawa kuma a biyo da gajeren dokumantari. Iyayenmu da suka kalli majigi a ƙofar fada sun san irin abin: ga gwamna yana buɗe asibiti, ga yadda ake feshin auduga, ga murya tana gaya maka abin da ya kamata ka fahimta. A Folan gwamnati ce ke da kyamara, ita ke da ɗakin wanke hoto, ita ta kafa babbar ma'aikatar dokumantari a titin Chełmska na Warso a 1949. Amma bayan mutuwar Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, a 1953, da aka ɗan sassauta, samarin da ta horar suka karkata kyamarar zuwa inda ba a so a duba: matasa 'yan daba da mashaya, unguwannin da hukuma ta manta da su, mata masu zaman kansu, iyalan da ke goyon jarirai a kangayen da yaƙi ya bari. Baƙin jeri ake kiran waɗannan fina-finai na tsakiyar shekarun 1950. Daga baya hukumar tace fina-finai ta ƙware wajen kulle fim a ma'ajiya shekara da shekaru, su kuma masu fim suka ƙware wajen faɗin magana ba tare da sun furta ta ba. A nuna taron ma'aikata ana tafa wa shugaba, a bar kyamara kan fuskar wanda hannunsa ke aljihu. 'Yan kallo sun iya karanta wannan sarai, kuma su ne tsofaffin da nake zama kusa da su.

Cikin samarin nan akwai Kazimierz Karabasz, wanda daga baya ya zama malamin da yawansu. Fim ɗinsa na 1960, Muzykanci, bai wuce minti tara ba. Ma'aikatan garejin taram ne a Warso, ana ta bugun ƙarfe da ƙarar injin, sannan aka tashi aiki suka taru a wani ɗaki suka ɗauko kayan badujala. Dattawa ne masu gashin baki, yatsunsu sun yi kanta. Shugabansu yana tsayar da su, yana gyara, su sake ɗauka, ya sake tsayarwa. Kumatu sun kumbura, idanu na kan takardar kiɗa, wani yana kaɗa ƙafa a hankali. Babu wanda ya ce musu jaruman gurguzu, babu wanda ya tambaye su ra'ayinsu kan komai. An dai zauna an dube su da mutunci suna yin abin da suke so da ransu.

Wani dare bayan mun dawo, ƙanena ya ajiye kwamfuta a teburin kicin, Pani ta haɗa shayi da lemon tsami, muka kalli Gadające głowy na Krzysztof Kieślowski, fim na 1980 mai kusan minti goma sha biyar. Tambayoyin ba su da yawa: wace shekara aka haife ka, wane ne kai, me kake so? An fara da jaririn da aka haifa a 1979, wanda sai ido kawai, ana tafiya baya shekara bayan shekara, lambar tana fitowa a gefen allo, fuskoki suna ƙara tsufa a gabanka. Wani ɗan yaro ya ce mota yake so ya zama. Ɗalibai da ma'aikata da direbobi suka yi ta ambaton 'yanci, da adalci, da a daina tsoro, suna zaɓen kalma a tsanake domin sun san wa zai gani. A watan Agusta na 1980 ɗin ma'aikatan tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdańsk suka shiga yajin aikin da ya haifi ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta ta Solidarność. Ta ƙarshe a fim ɗin tsohuwa ce 'yar shekara 100, haihuwar 1880, aka ɗaga murya aka tambaye ta abin da take so, ta ce ta ƙara daɗewa a duniya.

Da aka zo kan haihuwar shekarun 1950 Pani ta matso da kujera, ta nuna gyaran gashin wata mata, ta ce haka duk suke yi a lokacin. Da fim ya ƙare ƙanena ya ce, "Pani, ke fa, me kike so?" Ta juya cokali a kofi ta yi shiru, har na zaci ba za ta amsa ba. Can ta ce ɗanta ya tafi Ingila neman aiki bayan da Folan ta shiga Tarayyar Turai a 2004, jikokinta biyu a can aka haife su, in ta kira su a waya sai uwarsu ta tsaya tana yi musu tafinta. Abin da take so ke nan, ta yi hira da su babu kowa a tsakani. Shekara da shekaru ƙanena yana gidan, bai taɓa jin wannan ba sai da ya ari tambayar Kieślowski.

Daga Krakow na wuce Lodz, wanda su suke furtawa Wuj. A 1820 ƙauye ne da mutanensa ba su kai dubu ba, masaƙun auduga suka mai da shi birnin wajen rabin miliyan kafin yaƙin duniya na farko. Bayan faɗuwar mulkin gurguzu a 1989 masaƙun suka durƙushe. Jajayen gine-ginen bulo suna nan, wasu an mai da su gidajen zama, babbar masaƙar Poznański kuma ta zama kasuwar zamani mai suna Manufaktura, wasu ko har yanzu tagoginsu a farfashe. A titin Targowa makarantar koyon fim take, wadda aka kafa a 1948, inda manyan daraktoci irin su Andrzej Wajda da Roman Polanski da Karabasz suka yi karatu. Shi Kieślowski sai a nema na uku aka ɗauke shi, kuma fim ɗin kammala karatunsa kan wannan gari ne da matan masaƙunsa. Akwai wata matakala a cikin makarantar da ɗalibai ke zama a kai tun zamanin su Wajda suna gardama kan fim. Ba ta da wani ado, amma kowa na son a ɗauke shi hoto a kai.

A nan na yi hira da wata ɗaliba mai koyon haɗa fim, ƙawar abokin ƙanena, kuma ita ta kai ni ga abin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyar duka: me ya sa Kieślowski, gwanin gwanaye a dokumantari, ya bar shi ya koma fim da 'yan wasa? A 1974 ya bi wasu matasa biyu, yarinyar 'yar shekara 17 da ciki, tun daga neman ɗakin zama har haihuwa, ya ɗauki saurayin yana hawaye da ya zama uba. Daga baya ya riƙa cewa hawayen gaske tsoro suke ba shi, bai san ko yana da hakkin ɗaukar su ba, gara na ɗan wasa da ake ɗiga masa a ido. Sannan lokacin da yake ɗaukar fim a babbar tashar jirgin ƙasa ta Warso, wanda ya fito a 1980, 'yan sanda suka zo suka kwashe faifansa. Wata yarinya ake nema da ta kashe mahaifiyarta ta ɓoye gawar a akwatunan ajiyar kaya na tashar, suna zaton kyamara ta kama ta. Ba ta kama ta ba, aka mayar masa da kayansa. Amma ya gane cewa duk abin da ya ɗauka yana iya zama shaida a hannun hukuma, yau a kan mai kisa, gobe a kan wanda ya faɗi wata magana don ya yarda da shi. Ya rasu a 1996 yana da shekara 54, duniya ta fi saninsa da fina-finan da ya yi da 'yan wasa.

Ɗalibar ta ce a ɗakin haɗa fim ne ake cin amana ko a riƙe ta, domin mutum ya ba ka awa hamsin na rayuwarsa, kai za ka zaɓi ɗaya. Na san wannan a aikina. Sau da yawa tsohuwa kan manta da rikoda ta faɗi abin da in ya fita a iska gobe ba za ta iya shiga gidan biki ba, kuma ita ce maganar da ta fi kowace daɗi a shirin.

Ita ce ta sa na kalli Komunia na Anna Zamecka, fim na 2016 da ya ci kyautar dokumantari ta Turai a 2017. Ola 'yar shekara 14 ce, ita ke riƙe da gida: uba mashayi, ƙane mai lalurar galahanga, uwa tana zaune wani wuri da wani mijin da jariri. Ita ke duba jakar makarantar ƙanen, ita ke wanki, ita ke kiran uban a waya ya baro mashaya, ita ke gyara zance in ma'aikacin jin daɗin jama'a ya zo. Tana koya wa ƙanen tambayoyin coci domin ya karɓi Jibin Ubangiji karo na farko, da fatan bikin zai dawo da uwar gida. Uwar ta dawo, ba ta zauna ba. Ɗakin ƙarami ne ƙwarai, kyamara ba ta da wurin ja da baya, don haka kana ganin lokacin da fuskar yarinyar nan ke komawa ta yaro na ɗan lokaci kafin ta sake ɗaure ta. Fim ne mai kyau matuƙa, kuma a ganina an yi shi da tausayi, ba a wulaƙanta uban ba, ba a la'anci uwar ba. Duk da haka raina bai kwanta gaba ɗaya ba. Yarinya 'yar sha huɗu tana iya cewa ta yarda, amma ba ta san yadda za ta ji ba in ta kai talatin, baƙi a ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba sun san kukanta. Ban ce kada a yi ba, domin akwai dubban irinta da sai ta wannan hanya za a san da su. Na ce dai nauyin yana wuyan mai kyamara har iyakar ransa.

A Warso na tafi lambun Łazienki ranar Lahadi, ranar da ake kaɗa fiyano kyauta a gindin mutum-mutumin Chopin, shahararren mai tsara kiɗan fiyano na ƙasar. Ɗawisu na yawo a kan hanya, kurege ja yana karɓar gyaɗa a hannun yara, tsofaffi kuma suna jere a benci ɗaya-ɗaya, kowa da tazara tsakaninsa da na kusa. A wannan lambu Marcel Łoziński ya yi fim ɗinsa na 1995. Ya saki ɗansa Tomek, ɗan shekara shida, a kan ɗan keken turawa, da makirfo a jikinsa, kyamara tana can nesa. Yaron yakan tsaya gaban benci ya hau tambaya irin wadda babba ba zai iya ba: ina mijinki, me ya sa kike zaune ke kaɗai, kina tsoron mutuwa? Su kuwa suka buɗe masa ciki, labarin yaƙi, da aure da ya mutu, da 'ya'yan da ba su zuwa, da kuɗin fansho da ba ya kai ƙarshen wata. Shi yana ba su haƙuri da cewa komai na iya faruwa, wanda shi ne sunan fim ɗin. Na zauna kusa da wani dattijo mai hular saƙa, muka gaisa da ka. Yare ya raba mu, amma ya buɗe ledarsa ya miƙo mini gyaɗa in ba kuregen.

Yayan Tomek, Paweł Łoziński, shi ma darakta ne, ya ɗauko zancen ta wata fuska. Fiye da shekara biyu ya yi yana tsayawa a barandar gidansa a unguwar Saska Kępa, hayin kogin Wisła, kyamara tana kallon titi, makirfo a rataye, yana tsayar da duk mai wucewa ya ce ko zai yi magana. Wajen mutum 2,000 ya yi wa magana, fim ɗin ya fito a 2021 ya ci kyauta a bikin fina-finai na Locarno. A nan babu ɓoyo, kowa yana ganin kyamara, wanda ba ya so ya ɗaga hannu ya wuce. Waɗanda suka tsaya kuwa, har da wani da bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, da matar da ke share harabar gidan, da masu takaba, sukan ɗaga kai sama su faɗi abin da wataƙila ba su gaya wa na gida ba, wasu su yi ta dawowa kaka da bazara. Wannan hanya ta fi kwanta mini a rai fiye da ta mahaifinsa, ko da yake fim ɗin uban ya fi taɓa zuciya. Na zaga unguwar da yamma, titin Francuska da ƙananan layukan da ke bayansa, amma ban nemi gidan ba, tunda gidan mutane ne.

Duk wannan zaman jira kuɗi yake ci, na kuwa tambaya daga ina suke fitowa. Tun 2005 akwai Cibiyar Fim ta Folan, wadda doka ta sa gidajen silima da tashoshin talabijin da masu rarraba fina-finai su riƙa ba ta kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin shigarsu, daga ciki ake tallafa wa masu dokumantari. Ba wai suna wadata ba ne. Ɗalibar Lodz ta ce yawancinsu da talla ko koyarwa suke cike giɓi. Amma mutum yana iya bin iyali guda shekara uku ba tare da mai kuɗi ya tsaya masa a ka yana neman riba a wata shida ba, kuma a 2015 kaɗai gajerun dokumantari biyu daga Folan suka shiga takarar Oscar, ɗaya kan uwa mai ciwon daji da ɗanta ƙarami, ɗaya kan ma'aurata da jaririnsu mai lalurar numfashi.

Kafin in bar Krakow na karɓi adireshin gidauniyar da ke shirya bikin, domin ita ma tana tallata dokumantarin Folan a ƙasashen waje. Ina so in nemi izinin nuna kaɗan daga ciki ga abokan aikina da ɗaliban aikin jarida a Kano. Ƙanena ya ɗauki alkawarin zama da ni ta waya mu sa wa na Kieślowski fassarar Hausa a ƙasan allo, shi daga yarensu, ni ina daidaita tsawon layi. Na 'yan badujala kuwa ba ya buƙatar fassara sosai, da shi za mu fara.